Jirgi Ɗaya, Ƙofa Biyu: Idan Tikiti Ya Raba Abokan Tafiya

Matafiyin da ya taso daga Tasawa ya nufi Damagaram bisa babbar hanyar kwalta, ba ya daɗewa sai ya iske wani gari da ake kira Maijirgi. Baƙi sun fi saninsa sabili da kaburburan hafsoshin Faransan nan biyu, Voulet da Chanoine, waɗanda sojojinsu suka bindige cikin watan Yuli na 1899 bayan ta'asar da suka tafka a ƙasar Hausa. To amma sunan garin ma abin dubawa ne: ga mai jirgi a ƙasar da ba ta da kogi. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa gundumomin Mayahi da Tasawa, gulbi ne a baki kawai. Goruba da gonakin hatsi suka cika shi, ruwa kuwa sai ɗan abin da damina ta bari cikin tabkuna. Teku mafi kusa tana Ikko ko Kwatano, fiye da kilomita 1000 bisa hanya.

Duk da wannan nisa, mutanen yankin sun daɗe da sanin jirgin ruwa. Fataucin goro ya kai su, aikin soja ya kai su, aikin gwamnati ya kai su, uwa uba kuma hajji. Kuma duk wanda ya taɓa hawa ya dawo da labari guda: an fita gida tare, an sha ƙurar hanya tare, amma da aka iso bakin jirgi sai ma'aikaci ya dubi takardun, ya nuna ma wannan matakalar sama, ya nuna ma wancan ta ƙasa.

Ba sai an je bakin teku ba ne ake ganin somin abin. Ranar kasuwa, a tashar Mayahi ko ta Kanambakashe, idan babbar mota ta yi lodi, akwai gidan gaba, akwai bisa kaya. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ɗan kamasho na hango mai babbar riga sai ya ce: "Alhaji, bismilla, ga gidan gaba." Yaronsa kuwa da maƙwabcin da suka zo tare sai su haye saman buhuna. Ba wanda ke jin haushi, domin tafiyar awa biyu ce ko uku, kuma duk inda mota ta tsaya ana sauka a yi salla sahu ɗaya, a ci tuwo akushi ɗaya. Idan ta kafe cikin rairayi, na gaba da na baya duka ke turi. Jirgin ruwa ba haka yake ba. Ba ya tsayawa a sha iska, tafiyarsa ta kwanaki ce, kuma tsakanin na sama da na ƙasa akwai ƙofa mai makulli.

Yadda aka faro

Ayarin fatake na da can yana da manya da ƙanana. Madugu na bisa doki, masu jakai na biye, ƴan alaro na ɗauke da kaya a ka. Amma zango ɗaya suke sauka, rijiya ɗaya suke sha, idan mahara suka faɗo kuwa ba su tambayar wane ne mai doki. Jiragen Turawa ne suka shigo da wani sabon tsari wanda kuɗi kaɗai ke yanke wurin kwanan mutum. Tun farkon ƙarni na 20, fataken goro suka gane cewa ya fi sauƙi a ɗora huhunan goro cikin jirgi daga Ankara ko Sakandi zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya kawo su Kano, inda dogo ya iso a 1911. Alhasan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi suna da wannan hanya. Galibin Hausawan da ke bin jiragen kamfanin Elder Dempster a bakin gaɓar, a sararin jirgi suke zama, ƙarƙashin tamfol, kowa da tabarmarsa da butarsa da guzurinsa. Ɗakunan sama na Turawa ne da ƴan tsirarun attajiran bakin teku. A jirgin ƙasa ma haka: daga can ne kalmomin faskila da sikinkila suka shigo bakin Hausawa, saura kuwa gama-gari.

Sarakai sun sami hawa sama. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi aikin hajji ta ruwa, ya bi ta Ikko da Ingila kafin ya kai Jidda, cikin ƴan watanni ya je ya dawo. A daidai wannan zamani talakan Tasawa da ya ƙudurta niyya, ƙafarsa ce jirginsa. Ya bi ta Damagaram ko Kano, ya ratsa Barno, ya haye Fort-Lamy da Abashe, ya shiga Darfur, ya kai El Obeid inda dogo ya tsaya. Da yawa sukan yada zango shekara da shekaru a gonakin audugar Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925, suna tara kuɗin ƙetarawa. A Sawakin, bakin Bahar Maliya, hukumar Ingilishi ta kafa wurin killace alhazai: sai an yi lamba, an biya kuɗin tsare lafiya, an yanki tikitin zuwa da dawowa, sa'an nan a shiga jirgin Jidda. Yarjejeniyar kiwon lafiya da aka sa ma hannu a Paris cikin 1926 ta ƙayyade ma kowane alhaji fili murabba'in mita ɗaya da rabi a cikin jirgi. Mai karatu ya auna: tabarmar salla ce da ɗan ragowa.

Nan ne ayari ke tsagewa. Wanda ya tara abin da ya isa, ya shiga jirgin hukuma. Wanda bai tara ba, ya gangara kudu wajen gaɓar Eritriya, ya biya masu kwale-kwalen filafilai su ƙetare da shi da dare, su zube shi a wani lungu na gaɓar Larabawa, ya ƙarasa da ƙafa. Mutane biyu da suka yi shekara uku suna cin abinci ƙwarya ɗaya, sai su rabu a bakin ruwa da alkawarin haɗuwa a Makka. Wasu sun haɗu. Zuriyar wasu na can Sudan har yanzu, a Mai Wurno da garuruwan bakin kogin Nilu, ana ce da su Takari ko Fallata.

Ma'aikaci kuwa, ba aljihunsa ba ne ke zaɓa masa ɗaki, muƙaminsa ne. Dokar Faransa ta ranar 3 ga Yuli 1897 ta tsara kuɗin hanya da wurin zaman kowane ma'aikacin ƙasashen mulkin mallaka cikin jirgi, gwargwadon matsayinsa. Kumandan na ajin farko. Akawu ko malamin lakwal baƙar fata, ko da aiki ɗaya ya fitar da su, yana can ƙasa. Wannan bambanci na cikin abubuwan da ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ta kuka da su, har aka kai ga dokar Lamine Guèye ta 30 ga Yuni 1950, wadda ta ce a daidaita albashi da alawus ba tare da duba asali ba. Ƙasa da kowa akwai sojan tirayar. Jirgin Afrique na kamfanin Chargeurs Réunis ya bar Bordo ranar 9 ga Janairu 1920 zai tafi Dakar da sauran tashoshin yammacin Afirka, ɗauke da mutum wajen 600, cikinsu da tirayar 192 masu komawa gida bayan yaƙin duniya na farko. Ya nutse daren 12 wayewar 13 ga watan, kusa da gaɓar Faransa. Mutum 34 suka tsira. An yi ta juyayin limamin Kiristan Dakar da manyan ƴan kasuwar da suka halaka. Sojojin da ke can ƙasan jirgi kuwa, an shekara da yawa kafin a tuna da su.

Aji ya tafi, aji ya dawo

Jirgin sama ne ya kashe kasuwar waɗannan jirage. Jean Mermoz, wanda ya fara zirga-zirga tsakanin Marsai da tashoshin yammacin Afirka a 1957 da aji uku da kuma zauren soja, a 1970 aka gyara shi ya koma jirgin yawon shaƙatawa mai aji ɗaya. Aureol, na Liverpool zuwa Ikko, ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a 1974. Abin dariya, daga bisani Jidda aka kai shi aka ɗaure ya zama masaukin ma'aikata. A yankin nan, inda tsohon tsarin ya daɗe bai canza ba shi ne kogin Isa a Mali. Jiragen kamfanin COMANAV, wato Général Soumaré da Tombouctou da Kankou Moussa, a da, lokacin cikar kogi, sukan taso daga Kulikoro zuwa Gao, tafiyar wajen kilomita 1300, da ɗakin alfarma, da aji na ɗaya, na biyu, na uku, sai na huɗu wanda ba shi da gado ba shi da abinci, mutum ya shimfiɗa tabarma tsakanin buhunan shinkafa da tumaki. Ƴan kasuwar Nijar da suka bi wannan hanya sun san cewa hira da ciniki a ƙasa suke, na sama shi ke saukowa neman shayi. Ranar 7 ga Satumba 2023 ƴan bindiga suka kai ma jirgin Tombouctou hari, gwamnatin Mali ta sanar da mutuwar farar hula 49.

An ɗauka cewa da zuwan jiragen shaƙatawa zancen aji ya ƙare: ɗaki ya bambanta, amma kowa na cin abinci wuri ɗaya, yana yawo ko'ina. Haka abin ya kasance na wani lokaci. Sai kamfanoni suka lura cewa mai kuɗi na son jirgi babba amma ba ya son cunkoso. Kamfanin Cunard dama bai taɓa sakin tsohuwar al'ada ba: cikin Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004, ɗakin da mutum ya kama shi ke nuna zauren da zai ci abinci, ko Britannia na jama'a, ko Princess Grill, ko Queens Grill na masu manyan ɗakuna. A 2008 kamfanin MSC ya fito da sashen Yacht Club, Norwegian kuma na da nasa mai suna The Haven. Jirgi ne cikin jirgi: benaye na gaba ko na can ƙoli, da wurin cin abincinsu, da wurin wankansu, da masu hidimarsu, da ƙofar da ba ta buɗewa sai da katin mai ɗaki.

Mai karatu zai ce, ina ruwan mutumin Korgom ko Urafan da wannan? Ruwansa ya fara zuwa. Tun 2021 manyan jiragen shaƙatawa suka fara tashi daga Jidda, kuma cikin Disamba 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata, Aroya, mai ɗaukar fasinja fiye da 3000, babu giya babu caca, da wuraren salla, an gina tsarinsa don iyalin Musulmi. Attajiran Maraɗi da ke zuwa umra kowace shekara, da masu sarin kaya a Dubai da Istambul, da manyan ma'aikatan da taro ke kai wa ƙasashen Bahar Rum, su ne irin mutanen da ake tallata ma wannan tafiya. Kuma Bahaushe ba ya tafiya shi kaɗai.

A ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa na Tasawa ya gama umra tare da uwargidansa, da mahaifiyarsa, da ƙanensa malamin makaranta a Mayahi. Ya ce a yi kwana uku bisa ruwa kafin a koma gida. Ya kama babban ɗaki a sashen alfarma don shi da matarsa, ya kama ma tsohuwa da ƙanen ƙananan ɗakuna na ciki marasa taga, domin kuɗin babban ɗaki yakan ninka na ƙarami sau uku, sau huɗu ko fiye. A ransa, ai jirgi ɗaya ne. Tun a tasha zai fara ganin ba haka ba ne. Shi da uwargida za a bi da su ta wata ƙofa, a zaunar da su, a kawo abin sha, a raka su har ɗaki. Inna da Mushe na cikin dogon layi. Da magariba, idan ya aika a kira su cin abinci, mai tsaron ƙofa zai dubi katinsu ya ba su haƙuri cikin ladabi. Ka'idar kusan ɗaya ce a dukan kamfanoni: na sama yana da izinin saukowa duk inda ya so, na ƙasa ba ya hawa. Wani lokaci shugaban masu hidima yakan yi alfarmar cin abinci sau ɗaya, wani lokaci a ce sai an biya, sau da yawa a ce a'a. Alfarma ce, ba haƙƙi ba, kuma wanda ya dogara da ita yana iya jin kunya gaban mahaifiyarsa.

A ƙasar Turai wannan ƙaramin abu ne. Abokai su rabu da safe, su haɗu da dare. A ƙasar Hausa magana ce babba. Ɗa na cin nama a bene, uwa na bin layi da faranti a ƙasa: ko ita ba ta ce komi ba, labarin zai riga su isa Tasawa. Ƙanen ma da ke da albashinsa da girmansa gaban ɗalibai, ba zai so a tare shi a ƙofa kamar mai bara ba. Kyautar da aka yi don a faranta rai sai ta koma abin da ake tunawa da ɗaci. Laifin ba na mai tsaron ƙofa ba ne, aikinsa yake yi. Na wanda ya yanki tikiti ne bai tambaya ba.

Ranar da jiniya ta yi kuka

Cin abinci da wurin hira duk masu sauƙi ne. Abin da ya fi nauyi shi ne, a jirgin ruwa ɗakin mutum shi ke nuna inda zai tsaya idan hatsari ya auku. Kowane fasinja an rubuta masa harafi ko lamba bisa katinsa da bayan ƙofar ɗakinsa: wannan ne wurin taruwarsa, daga nan ake kai shi kwale-kwalen ceto. Idan aka busa jiniya gajere sau bakwai da dogo sau ɗaya, ba a neman ɗan'uwa, ba a hawa na'urar hawa bene, kowa ya nufi harafinsa, ma'aikata su kira suna. Waɗanda ɗakunansu ke nesa da juna, wuraren taruwarsu ma sukan yi nisa, wani a goshin jirgi wani a ƙarshensa, tsakani kuwa ya kai mita 300. Tsohuwar da ba ta jin Faransanci, ba ta jin Turancin Ingilishi ko Larabci, ba ta karanta boko, ƙafa kuma ta yi nauyi, wa zai kama hannunta?

Wannan tsari daga wahala aka koyo shi. Titanic ya nutse ranar 15 ga Afrilu 1912 da mutum fiye da 2200, wajen 1500 suka mutu. Cikin ƴan ajin farko, kimanin shida cikin goma sun tsira. Cikin ƴan aji na uku, ɗaya cikin huɗu. Kwale-kwalen ceto na can sama kusa da ɗakunan masu kuɗi, na ƙasa kuwa sai sun bi lunguna da ƙofofin da dokar shige da fice ta Amurka ta sa a raba su da sauran fasinja, da yawansu kuma baƙin haure ne da ba su jin harshen ma'aikata. Daga nan aka fara yarjejeniyar tsaron rai a teku a 1914. Kusan shekara ɗari bayan haka, ranar 13 ga Janairu 2012, Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka mutu. Ɗaruruwan da suka shiga jirgin a ranar ba a riga an nuna masu wurin taruwarsu ba. Tun daga 2015 doka ta tilasta a yi wannan gwaji kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa nan take. Bahar Maliya ma ta ci nata rabo: Salem Express, mai dawowa daga Jidda, ya nutse kusa da Safaga cikin Disamba 1991 da mutum fiye da 460, Al-Salam Boccaccio 98 kuma cikin Fabrairu 2006 da fiye da 1000.

Malamai kan kawo wani misali da ke cikin Buhari, na mutanen da suka yi ƙuri'a kan wuraren zama cikin jirgi, wasu suka sami sama wasu ƙasa, har na ƙasa suka yi shawarar huda wurinsu don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. Ana kawo shi don wa'azi kan hani da mummuna, amma ya nuna cewa tun wancan zamani an san jirgi da sama da ƙasa, an kuma san ruwan da ya shiga ba ya tsayawa inda ya shigo.

Akwai kuma jirgin da ba a tallarsa cikin jarida, wanda samarin Mayahi da Tasawa masu bin hanyar Agadas zuwa Libiya suka fi kusa da shi. Masu fasa-ƙwabrin mutane su ma suna da aji. Wanda ya biya da yawa yana sama, inda ake shan iska, ana iya faɗawa ruwa idan jirgi ya karkata. Wanda ya biya kaɗan, galibi baƙar fata, ana cusa shi cikin ramin jirgi kusa da inji, a rufe. Jirgin da ya kife daren 18 ga Afrilu 2015 tsakanin Libiya da Italiya ya tafi da mutum 800 ko fiye, 28 kaɗai suka tsira. Da aka ɗago shi a 2016, cikin ramin aka iske gawawwaki jibge. Na ranar 14 ga Yuni 2023 kusa da Girka, mutum 104 aka ceto, dukansu maza. Mata da yara na ƙasa. Abokai biyu daga ƙauye ɗaya, bambancin kuɗin da bai kai na tunkiya biyu ba yana iya sa ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Mina, jirgin da ke bisa tudu

Ga mafi yawan masu karanta wannan shafi, inda za su gamu da wannan matsala ba bisa ruwa ba ne, a Mina ne. Tun da alhazan Nijar suka koma jirgin sama, da Air Afrique kafin ya durƙushe a 2002, da kamfanonin da suka biyo baya, kujerar hajji ta yi ta tsada. Karyewar darajar sefa cikin Janairu 1994 ta ninka ta dare ɗaya, a 2023 kuwa ta haura miliyan 3. Hukumar COHO ke kula da tsarin, kamfanonin jigilar alhazai masu zaman kansu ke rubuta mutane. Ga kujerar kowa da kowa, ga kuma ta alfarma ga mai iya ƙari. Bambancin ya fi fitowa cikin kwanakin Mina, inda aka kasa tantuna aji-aji, daga A zuwa D. Na farko na dab da wurin jifa, da gado da sanyi da abinci iri-iri. Na ƙarshe, inda galibin alhazan Afirka ke sauka, katifu ne jere kafaɗa da kafaɗa, layin ban-ɗaki mai tsawo, da tafiyar kilomitoci zuwa jifa da dawowa cikin rana. Kowane sansani da shingensa da masu gadinsa, ba a shiga sai da kati ko abin hannu. Jirgin ƙasan da ke haɗa Mina da Muzdalifa da Arfa tun 2010 shi ma ba kowa ke da izinin hawansa ba.

Ke nan mutum biyu da suka yi adashi tare, aka yi masu walima ɗaya, aka raka su tasha da kabbara ɗaya, suna iya yin kwana biyar na aikin hajji ba su ga juna ba. Turmutsitsin ranar 24 ga Satumba 2015 bisa hanyar tantuna zuwa wurin jifa ya auku. Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu, lissafin da aka tattara daga ƙasashe ya haura 2400, kuma Mali da Najeriya da Kamaru da Nijar na cikin waɗanda suka fi rasa mutane. An kwashe makonni iyalai na neman nasu, kuma sau da yawa abokin tafiyar da aka buga ma waya daga gida ba shi da amsa, domin ba sansani ɗaya suke ba.

Ƙasa da aji na D akwai wanda ba shi da aji ko kaɗan: wanda ya shiga da bizar umra ko ta ziyara ya laɓe har lokacin hajji, don kujerar ta fi ƙarfinsa. Shi ne jikan mai kwale-kwalen dare na zamanin Sawakin. A hajjin Yuni 2024 zafi ya kai digiri 51,8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da mutuwar mutum 1301, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin hajji. Ba su da tanti, ba su da mota, suna tsoron zuwa asibiti kada a kama su. Ɗan'uwansu mai kati yana iya kasancewa bayan shinge, mita ɗari tsakani, cikin sanyi, ba shi da ikon shigo da su.

Abin da ake yi tun a gida

Matafiyan da suka saba ba su barin wannan magana sai an isa bakin jirgi. Tun ranar da za a kai kuɗi ake zama a yi ta, ko da tana da nauyin faɗi, domin mai ƙaramin ƙarfi ba zai fara ta ba. Babba ne ya kamata ya buɗe baki. Wasu attajirai kan sauko su yanki irin na jama'arsu, su ce kwana nawa ne. Wasu kan cika ma na ƙasa kuɗi a hau tare, amma wannan ma sai da dabara: ma'aikacin gwamnati da ya shekara goma yana tara kuɗinsa ba kullum yake son a ce wane ne ya kai shi ba, kuma bashin da aka ci don a yi daidai da aboki shi ke cinye albashi bayan an dawo. Idan kuwa dole sai an rabu, to ba a raba mai rauni da mai ƙarfi. A misalin da ya gabata, abin da ya dace shi ne Inna ta shiga babban ɗaki tare da surukarta, Alhaji ya sauka wajen ƙanensa. Ya rasa gado mai faɗi, amma tsohuwa ta sami mai kama hannunta, da mai hidima, da hanya mafi gajarta.

Sauran duk tambayoyi ne da ake yi ma mai sayar da tikiti, a kuma nemi amsarsu a rubuce bisa takardar biya, ba da fatar baki ba. Shin za a haɗa rajistar ayarin wuri ɗaya don a ba su tebur ɗaya da lokacin cin abinci ɗaya? Ɗakunan na bene ɗaya ne, kuma harafin wurin taruwarsu ɗaya ne? A Mina, maktab ɗaya ne, lambarsa nawa? Ayarin da ya kai mutum uku yakan naɗa shugaba kamar yadda sunna ta koyar, kamar yadda fatake ke da madugu; shi ke riƙe lambobin ɗakunan kowa, shi ke yanke wurin haɗuwa da lokacinsa, bayan asuba ko bayan la'asar, a wurin da katin kowa ke shiga. Wayar salula ba abin dogara ba ce: a tsakiyar teku layi na ɗaukewa ko ya yi tsadar da ba ta da kai, a Mina kuma cunkoso na toshe shi. Takarda cikin aljihu, mai ɗauke da sunan mutum da lambar ɗakin abokinsa da boko da ajami, ta fi waya amfani a irin wannan rana.

Musayar ɗaki a ɓoye, wato wannan ya ba wancan katinsa, ita ce dabarar da ta fi saurin zuwa a rai, ita ce kuma ta fi hatsari. Katin jirgi na haɗe da hoton mai shi da sunansa cikin jerin fasinja; idan aka yi kiran suna a wurin taruwa, za a nemi mutum inda ba ya nan, a tura ma'aikata su bincika ɗakin da ba shi ciki. Duk canjin da za a yi, a ofishin jirgi ake yinsa a sake buga kati, kuma ya fi sauƙi tun jerin sunayen bai bar hannun kamfanin da ke Maraɗi ko Yamai ba.